Wa ya taɓa zama gwamnan makaranta a nan Ingila? Ina neman shawara

Maman Amira, Leeds
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasar nan. Makarantar firamaren su Amira ta aiko da takarda cewa kujera ɗaya ta iyaye ba kowa a kwamitin gwamnonin makarantar, duk mai sha'awa ya rubuta ɗan bayani a kansa, iyaye su jefa ƙuri'a. Shugabar makarantar da kanta ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce in gwada, wai yaranmu sun yi yawa a makarantar amma babu ko mutum ɗaya irinmu a wurin zaman. Ni dai abu biyu ne ke damuna: har yau babu naman halal a abincin rana, kullum taliya da cuku yaran ke ci, sannan malamar ajin Amira ba ta duba aikin gida yadda ya kamata. In na shiga zan iya gyara waɗannan? Nawa ake biya? Kuma lokaci nawa abin yake ci, don aikin asibiti nake yi, wani makon dare wani makon rana.

Ummu Hanan, Landan
Wa alaikumus salam. A'a, mai girma gwamna, sai mu fara fitar da anko ke nan! Allah ya sa alheri. Jira Malam Habu ya leƙo, shi ya daɗe a harkar.

Malam Habu, Mancesta
Wa alaikumus salam, Maman Amira. In fara da mai sauƙin: ba a biyan ko kwabo. Aikin sa-kai ne, mu wajen mutum dubu 250 ne muke yin sa a Ingila. Iyakar abin da za ki iya karɓa shi ne kuɗin mota ko na mai riƙe miki yara ranar taro, shi ma sai in makarantar ta tanadi hakan a rubuce, kuma yawancinmu kunya ke hana mu tambaya. Wa'adin shekara huɗu ne. Doka ta ce kwamiti ya zauna aƙalla sau uku a shekarar karatu, amma kada wannan ya ruɗe ki, makarantu da yawa sau shida suke zama, kuma za a saka ki a wani ƙaramin kwamiti, na kuɗi ko na karatu. Kwana bakwai kafin kowane zama magatakarda zai turo miki takardu, a nan ainihin wahalar take. Wanda ya zo bai karanta ba, shayi kawai ya zo sha.

Za a yi miki binciken DBS, wato duba ko kina da tarihin aikata laifi, za ki yi horon kare yara, sunanki zai fito a shafin makarantar tare da duk wata alaƙar kasuwanci ko ta dangi da ke tsakaninki da ita. In kika yi wata shida ba ki zo taro ba, ba a kuma karɓi uzurinki ba, kujerar ta tafi. Game da asibiti, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ba ki damar neman lokaci daga wurin aiki don irin wannan hidima, sai dai ba ta tilasta musu biyan ki awannin ba.

Aikin kansa abu uku gwamnati ta rubuta: tsayar da inda makaranta ta dosa, bin diddigin shugabar makaranta kan karatun yara da aikin ma'aikata, da tabbatar da cewa kuɗi ya tafi inda ya dace.

Yanzu ga mai ɗacin. Maganar malamar ajin Amira ki cire ta daga lissafi. Ranar da kika hau kujerar ma sai kin fi yanzu kame baki a kanta. Ta halal kuwa tana da ƙofa, don abincin makaranta da kwangilarsa suna cikin abin da kwamiti ke sa wa ido. Amma ƙuri'arki ɗaya ce, kuma in aka kayar da ke, da kun fito daga ɗakin hukuncin ya zama naku gaba ɗaya, ba ki da damar zuwa ki ce wa iyaye ai ni ban yarda ba.

Maman Amira, Leeds
To Malam, ku yi haƙuri, in ba zan iya magana kan ajin 'yata ba, wakilcin me zan yi? Ba iyayen ne za su zaɓe ni ba?

Anti Rabi, Landan
Ƙanwata, ni malamar sakandare ce, na kuma zauna a kujerar ma'aikata, bari in gaya miki yadda abin yake daga ɓangarenmu. Iyaye ne za su zaɓe ki, gaskiya ne, amma da kin zauna yaran makarantar duka naki ne, har ɗan matar nan da ba ta amsa gaisuwarki a bakin ƙofa. Idon uwa ake so a wurinki. Ke kika san yadda wasiƙar makaranta ke zama a hannun matar da Turancinta bai nuna ba, ke kika san abin da kuɗin yunifom ke yi wa mai yara huɗu a watan Satumba. Wannan sanin za ki kawo, jakar saƙonnin iyaye kuwa ki bar ta a gida.

Kuma akwai dalili. Ƙorafi a makaranta hawa-hawa ne: malamin aji, sannan shugaba, in abin ya gagara sai a haɗa gwamnoni biyu ko uku da ba su taɓa jin maganar ba su saurara. In kika tsaya wata ta zazzage miki komai har kika ce kai, an cuce ki, kin fitar da kanki daga zaman ke nan. Abin da za ki ce mata shi ne ta je ofis ta karɓi takardar ƙa'idar ƙorafi, in tana so ki nuna mata inda za ta fara.

Ziyarar aji ma da tsari: shugaba ta sani, a yarda kan abin da kika zo gani. Mun taɓa yin wani uba da ya riƙa zama a bayan aji da littafi yana ba malamai maki, sai da shugaban kwamiti ya ja shi gefe. Auna malami aikin shugaba ne, ku shugabar kuke aunawa.

Maganar aikin gidan ma tana da hanyar shiga, in kin iya ɗaura mata zani. Kada ki ce malama wance ba ta duba aiki. Ki ce, mece ce ƙa'idar makarantar nan kan duba aikin yara, kuma ta yaya shugaba take sanin ana bin ta a kowane aji? Wannan tambayar dole a amsa ta, kuma magatakarda zai rubuta amsar.

Baban Sadiq, Birmingham
Duk na ji, amma ba wanda ya faɗi abin da ya kamata a fara faɗa wa Musulmin da zai shiga wannan harka. Ni a garin nan nake lokacin rikicin da aka kira Trojan Horse. Ƙarshen 2013 wata wasiƙa marar sa hannu ta isa ƙaramar hukumar Birmingham, wai akwai shirin masu tsattsauran ra'ayi na ƙwace makarantu ta hanyar kujerun gwamnoni. Watan Maris na 2014 ta fito a jaridu, gari ya ɗauka. Ofsted, hukumar binciken makarantu, ta shiga makarantu 21, ta jefa biyar a matakin gaggawa. Park View, wadda a 2012 Ofsted ɗin nan ta ba matsayi mafi girma, sai ga ta a ƙasa. Michael Gove, ministan ilimi na lokacin, ya ɗauko Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan, ya ce shi zai binciki makarantun yara. Wasiƙar kuwa har yau mutane da yawa suna ganin ta bogi ce. Kwamitin ilimi na majalisar dokoki ya ce a 2015 bai ga shaidar wani shiryayyen makirci ba, shari'ar manyan malaman kuma ta rushe a 2017 saboda lauyoyin ɓangaren gwamnati ba su fito da wasu bayanan shaidu ba. Amma mutanen da sunansu ya ɓaci fa? Waɗansu iyaye ne kamarmu da suka ga makarantun unguwarsu sun lalace suka ce bari mu shiga mu gyara.

Maman Amira, kina da aikinki, kina da takardunki na zama da kike lallaɓawa. Ki shiga taro da hijabi, kalmarki ta farko halal, kin san yadda za a kalle ki. Ni shawarata ki yi ta kanki.

Malam Habu, Mancesta
Baban Sadiq, tarihin da ka kawo haka yake, kuma tsoron da ya bari na gaske ne, na san waɗanda suka ajiye kujerunsu a shekarar. Sai dai a cika maganar. Binciken da ƙaramar hukumar ta sa Ian Kershaw ya yi bai ga shirin ta'addanci ba, amma ya ga gwamnoni a wasu makarantu suna wuce gona da iri, suna matsa wa shugabanni lamba, suna tsoma hannu a abin da ba huruminsu ba. Wannan ɓangaren shi ne namu na ɗauka, don shi Anti Rabi ta gama bayani yanzu. Wanda ya san iyakarsa, ya sa komai a rubuce, da wuya a sami abin kama shi.

In kuma muka janye gaba ɗaya, wa ya rage? Binciken shekara-shekara na NGA, ƙungiyar gwamnonin makarantu ta ƙasa, yana nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amsawa farar fata ne, da yawansu kuma sun manyanta. Mutanen kirki ne, wallahi, suna ba da lokacinsu kyauta. Amma ba su san me ya sa yaro ke gyangyaɗi a aji a watan azumi ba. A ɗakin nan ake amincewa da ƙa'idar yunifom, da ta darasin zamantakewar iyali da aka wajabta tun 2020, wanda doka ta ce sai an tuntuɓi iyaye kafin a tsara shi. Kai da kake Birmingham ka ga 2019, iyaye a tsaye a bakin ƙofar makaranta da alluna. Ni na fi son a yi wannan gardamar a kan tebur tun takardar tana daftari.

Baban Sadiq, Birmingham
Allah ya sa haka ne, Malam. Ni dai na faɗi nawa.

Anti Rabi, Landan
Kuma Maman Amira, a kan halal ɗin, kada ki fara da shi. Ki yi zango ɗaya kina sauraro. In lokaci ya yi, da lissafi za ki zo: yara nawa ke cin abincin makaranta, nawa ke zuwa da nasu daga gida, nawa ne cikin masu haƙƙin abinci kyauta ba sa ci, yaushe kwangilar kamfanin abincin za ta ƙare. Makarantu da yawa a Bradford da gabashin Landan sun daɗe suna ba da halal, ba sabon abu za ki ƙirƙiro ba.

Malam Ɗanlami, Kano
Salamu alaikum. Ina ta karantawa daga nan Kano, tsohon hedimasta ne ni, na ajiye alli. Tambaya gare ni ga Malam Habu, don wani abu ya ɗaure mini kai. Ka ce kuna bin diddigin shugabar makaranta. In ta ƙi ji fa, me za ku iya yi mata?

Abin da ya sa na tambaya, mu ma muna da irin wannan kwamiti na jama'ar gari mai kula da makaranta, SBMC, tun zamanin Obasanjo bayan dokar ilimin bai-ɗaya, UBE, ta 2004. Da kuɗin Birtaniya ma aka raya shi, shirin ESSPIN da ya fara a 2008 a Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas, daga baya Enugu ta shigo. A takarda ba laifi: mai unguwa ko wakilinsa, liman, wakilan mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, har yara biyu daga makarantar, hedimasta kuma shi ne sakatare. Inda aka dace da mutanen kirki sun yi aiki. Na ga mata 'yan kwamiti suna bi gida-gida suna dawo da yara mata daga talla. Na ga an hana wani gina shaguna a filin makaranta. Na ga kafinta ɗan kwamiti ya gyara bencina bai karɓi ladan hannu ba.

Amma malami ya yi sati bai zo ba, iyakarmu mu rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ba mu muka ɗauke shi ba, ba mu ke biyan sa ba, in yana da wani a sama takardar ta kwanta. Hedimasta ma turo shi ake yi, a ɗauke shi ba tare da an tambayi kowa ba. Kuma gaskiya, kwamitoci da yawa barci suke sai an ji tallafi zai shigo asusu, kamar lokacin shirye-shiryen tallafin ilimi na NIPEP ko AGILE, nan take za ka ga shugaba ya farka, har da waɗanda ba su san launin ƙofar makarantar ba.

Malam Habu, Mancesta
Ranka ya daɗe, barka da hutawa. A makarantun da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, mu muke ɗaukar shugaba. Mu ke tallata gurbin, mu yi ganawa, mu zaɓa. Duk shekara gwamnoni biyu ko uku tare da wani ƙwararre daga waje suna zama su auna aikinta, daga nan ake maganar ƙarin albashi. In abu ya ɓaci akwai matakai har zuwa sallama. Kasafin kuɗi ma mu ke amincewa da shi. Dokar 1980 ce ta ba iyaye kujera, ta 1988 kuma ta ɗauko kuɗin daga hannun ƙaramar hukuma ta miƙa wa makarantu.

Kada dai ka zaci wata daula ce. Wajen kashi huɗu cikin biyar na kuɗin albashi ne, a ɗan ragowar ake dambe: wuta, ɗumama azuzuwa, rufin da ke yoyo. In yara suka ragu kuɗi ya ragu, don da kan yaro ake biya, sai ka ga kanka kana ɗaga hannu a rage mataimakiyar malama da ka san 'ya'yanta. Inda na fi sa ido shi ne ƙarin kuɗin da ake bayarwa tun 2011 don yaran marasa ƙarfi, wajen fam 1,500 kan kowane yaro a firamare. Tambayata kullum ɗaya ce: me aka saya da shi, kuma a jarrabawar aji shida tazarar da ke tsakanin yaran nan da sauran ta ragu ko ta ƙaru?

Malam Ɗanlami, Kano
To ai shi ke nan, ka amsa mini. Ku an ba ku wuƙa da nama, mu an ce mu tsare tukunya.

Mushe Issa, Tahoua
Sallama gare ku duka. Malam Ɗanlami, mu nan Nijar COGES muke ce mishi, ko da yake an sake mishi suna zuwa CGDES. Nan jiharmu ta Tahoua ne mutanen Japan sunka fara aikinsu da shi a 2004, kuma abin da ya bambanta shi da naku, zaɓe. Ana tara gari gaba ɗaya, maza da mata, a jefa ƙuri'a a asirce. Kun san in da ɗaga hannu ne, ba mai iya ƙin ɗan'uwan maigari ido da ido. Da ƙuri'ar ɓoye sai ka ga an zaɓi wani tela ko wata mai tuyar ƙosai ta riƙe kuɗi, don an san amanarta. Bayan nan a yi tsarin aikin shekara a bainar jama'a, kowa ya faɗi abin da zai kawo, wani kuɗi, wani hatsi, wani ƙarfinshi, ƙarshen shekara a sake taruwa a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Amma ku dubi abin da muke yi da wannan amanar. Babban aikinmu kowace shekara kafa azuzuwan zana. Lakkwal na buɗewa watan Oktoba, kara da zana ba su samuwa sai an gama girbi, yara su yi ta jira. Kuma kun ji abin da ya faru a 2021: Yamai watan Afrilu, yara wajen 20 sunka ƙone cikin irin waɗannan azuzuwa, Maraɗi watan Nuwamba sama da 20. Ni tun lokacin in ana kafa rumfa gabana faɗuwa yake. Iyaye sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu, ginin siminti ya fi ƙarfin aljihun talaka. Malam Habu yana maganar horon kare yara, mu inda muka tsaya shi ne a bar ƙofa biyu ga kowace rumfa, a nisanta ta da masu tuya.

Injiniya Bashir, Sheffield
Allah ya jiƙan yaran nan. Ni abin da na gani a duk ƙasashen uku ɗaya ne, gwamnati ta sami hanyar sauke kayanta a kan mutane kyauta. A nan ma, Malam Habu, ka faɗi rabin labari. Tun dokar 2010 mafi yawan sakandare sun koma akadami, wato sun fita daga hannun ƙaramar hukuma, kuma a can iko yana hannun amintattun babbar ƙungiyar da ke riƙe da makarantun. Kwamitin da ke makarantar sai abin da aka ga dama aka sakar masa, wani wurin ko kasafin kuɗi ba ya taɓawa. Shugabannin wasu ƙungiyoyin albashinsu ya haura fam dubu 200 a shekara, sannan a ce nas mai aikin dare ta zo ta karanta shafi ɗari kyauta. Maman Amira, kafin komai ki tambaya ko makarantar akadami ce, in ita ce ki nemi takardar rabon iko ki ga me ya rage wa kujerar.

Maman Amira, Leeds
Na duba, Injiniya, ta ƙaramar hukuma ce.

Malam Habu, Mancesta
Injiniya, maganar akadami gaskiyarka ce, kuma shawararka ta neman takardar nan ita ce daidai. A kan kyauta kuwa, ni ban so a fara biya. Ranar da alawus ya shigo, irin mutanen da Malam Ɗanlami ya ce suna farkawa su za su cika kujerun.

Bari in faɗi abin da ya riƙe ni a aikin nan, don ba kasafin kuɗi ba ne. Kora ce. Shugabar makaranta kaɗai ke da ikon korar yaro, amma in korar ta dindindin ce dole gwamnoni su zauna cikin kwana 15 na karatu su duba. Yawanci mutum uku ne. Ga shugaba da fayil ɗinta, ga iyaye, wani lokacin ga yaron kansa. Ku za ku ce korar ta tsaya ko a mayar da shi. Ba zan ba da labarin kowa ba, amana ce, amma zan gaya muku yadda ɗakin yake. Ɓangaren makaranta sun zo a shirye, komai da kwanan wata. Uwar kuwa sau da yawa ita kaɗai ce, ta baro aiki, ba ta san tana da damar zuwa da wani ya taya ta magana ba, ba ta san za ta iya neman tafinta ba. In irin tarbiyyarmu gare ta sai ta sunkuyar da kai ta yi ta ba da haƙuri, su kuma su ɗauka ta amsa laifin ne. Yaron ya ƙi kallon idon manya saboda ladabi, a ce ba ya nadama.

A nan ake bukatar wanda zai ce a dakata. An bincika ko yaron yana da wata bukata ta musamman da ba a gano ba? Wane taimako aka gwada kafin a kai nan? An ji ta bakinsa? Wani yaron da ya yi irin wannan a bara, shi ma korar sa aka yi? Wani lokacin bayan duk tambayoyin sai ka ga korar ce daidai, don akwai sauran yara talatin a ajin da malamar da aka ji wa ciwo, su ma haƙƙinsu na wuyanka. Ka sa hannu, ka koma gida abinci ya ƙi shiga. Wani lokacin kuma ku mayar da yaro, shugabar da kuke shiri da ita ta yi wata guda tana gaishe ka sama-sama. In kun tabbatar da korar, iyaye na iya kai ƙara gaban wani kwamiti mai zaman kansa. Shi ba ya iya mayar da yaro da kansa, amma yana iya soke hukuncinku ya ce ku sake zama, in kuka ƙi mayar da shi a cire wa makarantar fam 4,000.

Anti Rabi, Landan
Ƙari ɗaya a kan na Malam. Shugabar ma mutum ce, kuma lafiyarta tana cikin abin da ke wuyanku. Kowa a nan ya ji rasuwar Ruth Perry, shugabar wata firamare a Reading, a Janairun 2023 bayan binciken Ofsted, abin da ya kai ga soke hukuncin kalma ɗaya da Ofsted ke yi wa makarantu a Satumbar 2024. Masu binciken in sun zo har gwamnoni suke kira su yi musu tambayoyi. Kwamitin da bai iya komai ba sai tafi bai taimaki shugaba ba, wanda kuma kullum da sanda yake zuwa zai kore ta, a yi ta neman wata ba a samu ba.

Maman Amira, Leeds
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da Baban Amira, ya ce zai riƙe yara ranakun taro. Zan rubuta bayanin a daren nan. Anti Rabi, zan turo miki ta gefe ki duba mini Turancin. Baban Sadiq, na ji gargaɗinku, ban yar da shi ba.

Ummu Hanan, Landan
Saura ki ci zaɓe mu fara turo miki maganar tarar tafiya gida. Fam 80 kan kowane yaro, kowane mahaifi, don mun ƙara sati ɗaya a Kano bayan hutu!

Anti Rabi, Landan
Ummu Hanan, kin ga irin abin da na ce a bar shi a gida. Izinin tafiya shugaba ke bayarwa ko ta hana, tarar kuma ƙaramar hukuma ke aikowa, gwamna ba ta da hannu. Ki biya cikin kwana 21 kafin ta zama 160.

Maman Walid, Bradford
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ina aikin kula da yara lokacin abincin rana a makarantar da ɗana yake, awa ɗaya da rabi kullum. Kuma ban karɓi fasfon ƙasar nan ba tukuna. Irina na iya tsayawa a kujerar iyaye?

Malam Habu, Mancesta
Fasfo ba sharaɗi ba ne, shekara 18 ake nema, kuma kada mutum ya kasance cikin waɗanda doka ta hana, kamar wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi ko aka hana shi aiki da yara. Aikin naki ne abin lissafi. Wanda makarantar ke biya fiye da awa 500 cikin wata goma sha biyu ba ya tsayawa a kujerar iyaye. Ranakun karatu 190 ne a shekara, sau awa ɗaya da rabi ya kama 285, kina ƙasa da iyakar. Sai dai ba za a ba ki shugabancin kwamitin ba tunda ma'aikaciya ce ke, kuma duk ranar da za a tattauna albashi ko aikin da ya shafe ki za ki fita daga ɗakin sai an gama. In kina ƙara wasu awanni a kulob ɗin safe ko na yamma, ki haɗa su cikin lissafin kafin ki cike takardar.